Alli a Hannun Hagu

Laraba, da hantsi

Alhamdulillahi. Ya buɗe ido, ya gane ni. Sauran ba zan rubuta ba.

Laraba, bayan la'asar

Likita ya kira ni ofishinsa ya faɗa mini sunan abin da ya sami Malam. Har zana mini kan mutum ya yi a takarda, ya ɗiga biro a wurin. Na ji sunan sarai, amma ba zai shiga littafin nan ba. Ya ce sa'ar da aka yi ita ce an kawo shi da wuri.

Wannan kuwa aikin ɗalibansa ne, 'yan ajin ƙarshe. Yana tsakiyar rubutu a allo alli ya suɓuce masa, suka ga ya tsaya yana kallonsa a ƙasa bai sunkuya ba, sai suka ruga suka kira Firinsifal. Ni ina ajin da ke bayan nasu ina zana wa yara kogi da rassansa. Bango ɗaya ne tsakanina da mijina, ban ji komai ba. Firinsifal ne ya sa shi a motarsa, ko takalminsa bai tsaya nema ba. Allah ya saka masa da alheri, ya yi wa yaran nan albarka.

Alhamis, da yamma

Hannun dama yana nan yadda na ajiye masa shi da safe. Idan ya buɗe baki, "to, to" ne kawai ke fita. Mutumin da kullum nake ce wa, "Malam, bari abincin ya wuce tukuna ka ƙarasa labarin."

Maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, ta kwashe yarana ta haɗa da nata. Na fara yi mata godiya, ta ce in rufe mata baki in tafi, miya na wuta.

Juma'a, da rana

Da hantsi ya birkice mana. Yana ta nuna agogon bango da hannun hagu, yana jan bargo zai sauko. Sista, doguwar nas ɗin da ke kula da ɗakinsu, ta duba shi ko'ina ba ta ga komai ba. Can ya haƙura ya juya fuska bango.

Litinin, da azahar

Yau ma haka, kuma daidai lokacin ranar Juma'a. Ina riƙe da kafaɗarsa sai abin ya faɗo mini. Litinin da Juma'a da hantsi ne yake shiga ajin ƙarshe. Jarrabawarsu ta fita wata mai zuwa ce, shi kaɗai ne malamin kimistiri a makarantarmu, kuma ranar da abin ya faru ya fara yi musu bitar sunayen sinadarai da rubuta fomula.

Na ce, "Ajinka ne, Malam?"

Ya lumshe ido ya buɗe.

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Kwantar da hankalinka, ni zan shiga musu," ba.

Ya dube ni. Rabin fuskarsa da ke motsi ya yi dariya. Yana da gaskiya. Ni ce na gudu daga ajin kimiyya tun ina 'yar makaranta, na fake a labarin ƙasa, inda dutse dutse ne, kogi kogi ne, babu mai kiransu da baƙaƙe biyu da lamba a gindi. Amma ya saki bargon, ya yi barci.

Talata, bayan an tashi makaranta

Firinsifal ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin tabbata? Da wanne za ki ji?"

Na ce ban tabbata ba. Ya ce ya rubuta a turo wani malamin, amma na san yadda abin yake tafiya. Sannan ya ce, "To, da babu gara ba daɗi." Kafin in sauko daga bene abokan aiki sun rarraba rabin azuzuwana a tsakaninsu. Ban roƙi kowa ba.

A hanya na sayi ƙaramin allo irin na 'yan firamare da alli.

Laraba, da yamma

Darasin farko, ni ce ɗaliba. Na jingina shi da matashi biyu, na ɗora masa allon a cinya. Rubutun hagu, wayyo, kamar kaza ta yi tono. Ya rubuta Na, wato sodiyam, ya ja masa sanda ɗaya a gefe, ya rubuta O ya ja masa biyu, ya rubuta Al ya ja uku. Na buɗe littafin aji na ga abin da ake kira balansi, na karanta har sau nawa, kaina ya ɗauki zafi.

Sai ya ɗaga hannunsa ya karkaɗa. Na ce, "Hannu?" Ya gyaɗa kai. Ashe haka yake koya wa yara. Kowane sinadari da yawan hannuwansa, kuma idan za su haɗu ba a barin hannu ko ɗaya yana reto. Oksijin hannu biyu gare shi, sodiyam ɗaya, don haka sai sodiyam biyu sun kama shi: Na₂O. Wallahi kamar an buɗe taga.

Da ya ga na gane, ya sa alli ya nuna Na, ya nuna ƙirjinsa, ya ɗaga hannunsa ɗaya tilo yana kallona. Wasa yake yi. Na yi masa dariya yadda yake so, sannan na ce zan je in ɗebo ruwan zafi. Na daɗe a baranda.

Juma'a, da azahar

Na shiga ajin. Suka miƙe tsit, wasu 'yan matan idonsu ya kawo ruwa. Na ce, "Ku zauna. Ni ba Malam ba ce. Abin da na koya jiya shi zan ba ku yau, in kun tambayi abin da ban sani ba, zan kai masa in kawo muku amsa."

Na ba su yadda ya ba ni. Ƙarfe ake fara kira, abokinsa ya biyo baya da wutsiyar "aid": kulorin ya koma kuloraid, oksijin ya koma oksaid. Gishirin da ke kicin ɗin kowa sodiyam kuloraid ne, NaCl. Sannan musayar lamba: ka rubuta hannuwan kowa a kansa, ka gicciya, na wannan ya sauka a gindin wancan. Kalsiyam biyu, kulorin ɗaya, CaCl₂. Aluminiyam uku, oksijin biyu, Al₂O₃. In lambobin sun zo ɗaya, kamar magnisiyam da oksijin, a share su, MgO ke nan.

Gumi ya jiƙa mini baya. Wata ta ɗaga hannu ta ce me ya sa sodiyam yake Na, ba So ba. Na ce sai Litinin.

Na gode Allah ƙararrawa tana bugawa.

Asabar, da safe

Amsarsa kalma ɗaya ce, ta cinye allon gaba ɗaya: Latin. Ya ƙara K da Fe da Pb a ƙasa, wato su ma sunayensu na can ne. Ya ci rabin burodi da kansa.

Lahadi, bayan la'asar

Yaya Babba ya zo, wan Malam, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Ya same mu da garin alli a bargo. Ya tsaya bai amsa gaisuwata ba.

"Mutum na kwance a wannan hali, ke karatu kike sa shi? Ashe makarantar ba ta ishe ku ba, sai kun ƙarasa shi?"

Na ce, "Yaya, shi yake so."

"Shi ya faɗa miki? Da wane bakin?"

Ya ɗauki allon ya sa a hammata ya fita. Na bi shi da ido. Na san tsoro ne ke cinsa, irin wanda ke cina.

Litinin, da yamma

Bai ci ba. Fuska bango.

Talata, da yamma

Bai ci ba. Na kai cokali, ya ture.

Laraba, da rana

Sista ta tare Yaya Babba a baranda, ina jin su. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, tun da aka kawo allon nan yake zama da kansa, yake riƙe kofi. Mai koya masa motsa jiki ma cewa ta yi a bar shi ya yi ta yi. Maganin da ya fi wannan ba mu da shi a kabad."

Bayan azahar sai ga shi da allon, da kwalin alli sabo. Ya ajiye a gado yana kallon wani wuri ya ce, "Mai shagon ya ce wannan ba ya ƙura." Ya zauna ya ɓare lemo, Malam ya shanye tas. Haƙurin da aka ba ni ke nan, kuma na karɓa hannu biyu.

Juma'a, da yamma

Yau dai sai na rubuta komai.

Da safe na yi musu sinadaran da ke tafiya ƙungiya-ƙungiya, su salfet da naitiret da kabonet da haidiroksaid. Na cika allo, na ji daɗin kaina har na ɗauki hoton allon a waya don in yi wa Malam burga. Na miƙa masa yana dubawa yana gyaɗa kai, sai ya tsaya. Ya buga gado da hannu. Ya buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ba... ba... baka!"

Sista ta rugo da 'yar fitila tana cewa ya buɗe ta gani, ta ɗauka bakinsa ke ciwo. Ya kauda kai, ya dangwala yatsa a wayar.

"Baka... biyu!"

Na duba. Kalsiyam haidiroksaid na rubuta CaOH₂. Ai O da H tare suke tafiya, in za a ninka su sai an rufe su cikin baka biyu, Ca(OH)₂. Yadda na rubuta, haidirojin kaɗai na ninka. Yara arba'in da wani abu sun kwafe kuskurena da kyakkyawan rubutu.

Ni da Sista muka tsaya muna kallon juna. Ita ta fara cewa, "Ya yi magana fa." Tsohon da ke gadon kusa ya hau tafi, bai ma san me aka ce ba.

Na ce, "Malam, shekara kusan ashirin muna tare, ka rasa abin da za ka fara faɗa sai faɗa?" Ya yi ta dariya har ya ƙware.

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Na kira Yaya Babba, na ji yana jan hanci a waya, ya ce mura ce.

Litinin, da azahar

Na shiga na ce kowa ya buɗe littafinsa, kuskuren nawa ne ba nasu ba. Da na faɗa musu wanda ya kama ni da yadda ya kama ni, ajin ya ɗauki ihu har malamin lissafi ya leƙo. Ba na jin akwai wanda zai sake manta baka biyu a cikinsu.

Kalmominsa sun ƙaru: ruwa, a'a, sannu, oksaid.

Alhamis, da asuba

Jikin ya tashi cikin dare, an mayar da shi ɗakin da ba a bari a shiga.

Alhamis, da yamma

Ta gilashi kawai na gan shi.

Juma'a, da rana

Na je makaranta don zaman bencin asibitin zai haukata ni. Babu wanda ya koya mini na yau, ni da littafi ne. Ƙarfen da ake kira ayon wani lokaci hannu biyu yake miƙawa, wani lokaci uku, shi ya sa ake sa masa lambar Romawa a suna a san da wanne ya zo: ayon(II) kuloraid FeCl₂, ayon(III) kuloraid FeCl₃. Na rubuta, na juyo zan yi bayani, muryar ta ƙi fita. Na tsaya riƙe da alli. Ba wanda ya yi motsi. Can suka sunkuya suka hau aikin da ke littafi da kansu, har aka buga ƙararrawa.

Maman 'Yan Biyu ta wanke mini kaya ta goge. Ban ma san ta shiga ɗakina ba.

Asabar

Babu labari. Yaya Babba ya kwana a mota.

Litinin, da hantsi

An fito da shi daga ɗakin nan. Ya rame, amma shi ne. Da ya gan ni ya ce, "Sannu." Ni yake yi wa sannu.

Laraba, bayan la'asar

Na tambayi likita maganar komawa aiki. Ya juya biro a hannu ya ce kada in sa rai da wannan zangon. Na ce na gaba fa? Ya ba ni amsa. Na gode masa, don bai yi mini ƙarya ba.

Malam bai tambaye ni me aka ce ba. Mun yi salfet da salfait: mai wutsiyar "et" ya fi yawan oksijin, SO₄, mai "ait" SO₃. Na ce wanda ya raɗa sunayen nan bai tausaya wa kunnen mutane ba. Ya ce, "A'a." Ban san da ni yake ba ko da shi.

Asabar, da yamma

Mun dawo gida. Yaya Babba ya riga mu, ya sauko da gado falo, ya kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a karkace, amma da ƙarfi. Auta ta tsaya daga nesa tana leƙen babanta, sai da ya ce "zo" ta faɗa jikinsa. Gidan ya cika da masu sannu har na rasa kofuna.

Litinin, da azahar

An turo sabon malami. Matashi ne, mai ladabi, ya san aikinsa. Firinsifal ya kira ni ya haɗa mu, ya yi mini godiya a gabansa har na ji kunya. Na miƙa masa littafin aji na nuna masa inda muka tsaya. Da hantsi ina ajin baya ina zana tsaunuka, ina jin muryarsa ta bango. Abin da ya ɗauke ni mako, ya gama shi kafin rabin lokaci, kuma yaran suna amsawa.

Ya kamata in ji sanyi. Na ji, wallahi na ji, yaran sun sami mai kai su jarrabawa. Amma har da wani abu kamar an karɓe mini goyo.

Ban gaya wa Malam ba.

Laraba, da yamma

Ban gaya masa ba. Yana ganin na shigo ya jawo allo. Ina tuna kwanakin da ya juya fuska bango, sai in haɗiye maganar. Na zauna ya ba ni aluminiyam salfet, na yi ta fama har na fito da Al₂(SO₄)₃. Ya ce, "Yawwa."

Juma'a, da yamma

Ya ce, "Aji?" Na ce lafiya lau, suna gaishe shi. Wannan gaskiya ne. Ya ce, "Tambaya?" Sai na ƙirƙiro, na ce wani ya tambayi bambancin CO da Co. Ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya rubuta: na farko sinadari biyu ne, kabon da oksijin, na biyu ƙarfe ɗaya ne, kobalt. Babban baƙi da ƙarami kawai. Tambayar tawa ce, ta daɗe tana damuna.

Allah ya yafe mini. Gobe zan faɗa masa.

Talata, da yamma

Ban faɗa ba.

Alhamis, kafin magariba

An tashe mu da wuri saboda ana shirya zauren jarrabawa, na biya kasuwa na dawo gida. A ƙofar falo na ga takalmin da ban sani ba. Na shiga, sai ga sabon malami zaune a ƙasa kusa da gadon Malam, allona a hannunsa. Ledar tumatir ta kusa faɗuwa.

Ya miƙe da sauri. "Sannu da zuwa, Malama. Na zo ne Malam ya duba mini tambayoyin gwajin ƙarshe."

Na ce, "Yau ka fara zuwa?"

"A'a, ai tun ranar da na kama aiki Firinsifal ya kawo ni na gaishe shi. Malam ne ya ba ni makullin ɗakin gwaji ma. Nakan leƙo in ba ni da aji."

Na dubi Malam. Yana kallon silin kamar an rubuta wani abu a can.

Na dafa wa baƙo shayi, na raka shi ƙofa da fara'a, na dawo na tsaya a kan maigidan.

"Ka sani."

"E."

"Tun ranar farko."

"E."

"Ka bar ni ina ta zuba kamar kanya, ina ƙirƙiro maka yara masu tambaya?"

Kafaɗarsa ta fara rawa. Na ce ba abin dariya ba ne, ni nan ina ta lallaɓa shi kamar ƙwai kada ransa ya ɓaci, ashe zani ce ta tadda mu je mu. Na ce to me ya sa?

Ya daɗe yana haɗa maganar. Na jira, na koyi jira yanzu.

"An karɓi... aji," ya ce. Ya huta. "Saura... ɗaya." Ya nuna ni da alli.

Na zauna a bakin gado. Na ce ai ni ba jarrabawa zan yi ba.

"Asabar," in ji shi.

Na ce wace Asabar? Ya ce, "Gwaji."

Asabar, da hantsi

Yaran sun shiga jarrabawa jiya, Allah ya ba su sa'a. Ni tawa yau aka yi. Ya sa na zauna a kujerar cin abinci, ya sa Auta ta kwashe littattafai ta kai ɗaki kada in yi satar amsa. Allon yana hannuna, allin yana hannuna. Shi babu komai a nasa. Da baki ya ba ni tambayoyin, goma cif.

"Fo... ta... siyam... naitiret."

A ta shida sai da ya tsaya ya sha ruwa. A ta tara harshen ya sarƙe, ya yi tsaki, ya sake ɗaukowa daga farko har ya kai. Na ci bakwai. Ya ce, "Da... saura."

Ta ƙarshe amoniyam kabonet ce. Na ji ta sarai, na ma riga na rubuta amsar. Na ce, "Malam, ban ji ba, maimaita."

Ya leƙo allon ya ga amsar. Ya harare ni. Sannan ya gyara zama, ya maimaita.